Kurwar da Shuhura Ke Kamawa: Sharhi a kan Finafinan Satoshi Kon

A cikin shekarar 1997, a wani bikin baje kolin finafinai da ake kira Fantasia, wanda akan yi a birnin Montreal na ƙasar Kanada, aka fara haska wani fim na zane mai motsi daga ƙasar Japan mai suna Perfect Blue, wanda tsawonsa bai wuce minti 81 ba, wanda kuma mai shirya shi, wani mutum ɗan shekara 33 da ake kira Satoshi Kon, bai taɓa jagorantar cikakken fim ba gabanin wannan. Galibin mutanenmu, in an ambaci zane mai motsi, abin da ke faɗo musu a rai shi ne kyanwa tana bin ɓera, yara suna dariya. Amma mutanen Japan sun daɗe da mayar da wannan sana'a, wadda suke kira anime, wata kafa ta tattauna manyan al'amura, har da waɗanda babban mutum zai kalla ya kwana yana juyi bisa shimfiɗa. Nufina a wannan sharhi in yi magana a kan abin da wannan bawan Allah ya hango game da shuhura, domin ina ganin ya gano wata cuta tun tana ƙwai, ga ta kuwa yanzu ta ƙyanƙyashe ta shiga kowane gida, har da gidajenmu.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wata yarinya ce mai suna Mima Kirigoe, ɗaya daga cikin 'yan mata uku na wata ƙungiyar mawaƙa da ake kira CHAM!, irin waɗanda kamfanoni a Japan ke tarawa, su koya musu waƙa da rawa da murmushi, su yi musu sutura iri ɗaya, sa'an nan su gabatar da su ga jama'a a matsayin alamar ƙuruciya da tsarki. Da ta ga wannan hanya ba ta ɓullewa, sai ta bi shawarar wakilinta Tadokoro, ta bar waƙa ta koma wasan kwaikwayo, aka ba ta ɗan ƙaramin matsayi a wani shirin talabijin na binciken kisan kai mai suna Double Bind. Tun daga ranar da ta sanar da haka a bisa dandamali al'amura suka fara rikicewa: aka aiko mata da takarda ana kiranta maciya amana, aka aiko da wasiƙa mai nakiya wadda ta fashe a hannun wakilinta, kana ta sami labarin wani shafi a intanet da aka sanya wa suna Ɗakin Mima. Manajarta Rumi, wadda ita ma tsohuwar mawaƙiya ce da zamani ya wuce da ita, ita ce ta haɗa mata kwamfuta ta koya mata yadda ake shiga. Da Mima ta buɗe shafin sai ta tarar da wani yana rubuta tarihin yininta da bakinta, kamar ita ce ke magana, yana faɗin irin madarar da ta saya a kanti, da ƙafar da ta fara saukewa daga jirgin ƙasa. Da farko dariya ta yi. Daga baya, da hankalinta ya fara gushewa, sai ta koma tana buɗe shafin domin ta san abin da ta aikata jiya.

A nan ne nake so mai karatu ya dakata, domin wannan wuri shi ne cibiyar maganar duka. Mutum ya kai matsayin da zai tambayi baƙo labarin kansa, ya kuma gaskata baƙon fiye da yadda ya gaskata tunaninsa, wannan ita ce ƙarshen musibar da shuhura ke jawowa. Magabatanmu cikin malamai sun yi bayanin asalin wannan cuta tun da daɗewa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, daidai da 1111, ya keɓe babi guda a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin domin zargin son jahi da riya, ya kuma bayyana cewa hakikanin jahi shi ne mutum ya mallaki zukatan mutane, kamar yadda mai dukiya ke mallakar zinariya da azurfa. To, abin da fim ɗin Kon ya ƙara a kan wannan bayani shi ne ɗaya fuskar cinikin, wato cewa duk wanda ya sami gurbi a zukatan mutane, to, su ma sun sami gurbi a cikinsa, kuma sura tasa da ke zaune a zukatansu ba ta tsufa tare da shi, ba ta gajiya, ba ta yin kuskure, ba ta kuma yarda ya canja. Ita Mima ta jiki tana son ta girma ta koyi sabuwar sana'a. Mima ta zukatan masoya kuwa tana nan cikin rigar dandamali, tana tsalle a kan fitilun titi kamar ba ta da nauyi, tana leƙowa daga cikin madubi da tagar jirgi, tana shaida wa ta jikin cewa ita ce ta gaskiya.

A camfin mutanenmu na da, akan ce maye yakan kama kurwar mutum ya ɓoye, sai a ga mai ita yana tafiya yana cin abinci, alhali kuwa yana ramewa, har sai an tilasta wa mayen ya saki. Ba ina kawo wannan domin gaskata camfi ba ne, illa dai ban sami wani misali da ya fi shi dacewa da abin da ya auku ga Mima ba. Mutum biyu ne suka kama kurwarta. Na farko wani mai gadi ne a wuraren da take waƙa, wanda ya laƙaba wa kansa suna Me-Mania, wanda akwai wani fage da aka nuna shi ya ɗaga tafin hannunsa daga nesa, ya daidaita shi da ita tana rawa, har ta zama kamar 'yar tsana tsaye a hannunsa. Ban san wani hoto da ya fi wannan bayyana zuciyar makahon masoyi ba. Ta biyun kuwa, wadda ba a gane ta ba sai a ƙarshe, ita ce Rumi da kanta, mace mafi kusanci da ita, wadda ta yi kuka ta fice daga ɗakin ɗaukar hoto ranar da aka sa Mima ta yi wani fage na fyaɗe a cikin wasan. Ita ce ke rubuta shafin, ita ce ke zuga mai gadin, ita ce kuma sanadin kashe marubucin wasan da mai hoton da ya ɗauki Mima hotunan tsiraici. Ta gyara ɗakinta ya zama kwatankwacin ɗakin Mima, har da kifayen ado a cikin gilashi, ta sa rigar mawaƙa, ta ƙudurta a ranta cewa ita ce Mima ta hakika, waccan kuwa jabu ce da ya wajaba a kawar.

Hikimar da ke cikin wannan zaɓi tana da girma. Da Kon ya bar laifin duka a kan mai gadin nan mai munin fuska, da mai kallo ya tashi da zuciya wasai, yana cewa ai mahaukaci ne, ni ba ruwana. Amma sai ya ɗora nauyin a kan wadda ta fi kowa ƙaunar yarinyar, wadda ta taɓa ɗanɗana tafin jama'a sa'an nan aka janye mata shi, ta kasa haƙura, ta nemi ta sake rayuwar ƙuruciyarta a jikin wata. A fagen ƙarshe, sa'ad da take bin Mima da gudu a saman gine-gine da lunguna, idonmu yana ganin kyakkyawar mawaƙiya tana shawagi tana murmushi, amma duk gilashin da suka wuce sai ya nuna mana mace mai ƙiba tana haki, gumi na zuba. Madubi kaɗai ya ƙi karɓar cin hanci. Kuma da ta faɗa kan titi, jini na zuba daga cikinta, babbar mota ta taho da fitilu, sai ta buɗe hannuwa tana marhabin da su, domin a zatonta hasken dandamali ne ya dawo mata.

Wajibi ne in faɗi wani abu game da yadda aka gina fim ɗin, domin a nan gwanintar Kon take. Kamfanin Madhouse ne ya ɗauki aikin, asalin labarin kuwa littafi ne na Yoshikazu Takeuchi da ya fito a 1991, amma Kon da marubucinsa Sadayuki Murai sun sake masa gini ƙwarai, su ne suka shigo da dabarar wasa a cikin wasa. Matar da Mima ke kwaikwaya a Double Bind ita ma mai taɓin hankali ce da ta ɗauki kanta wata daban, kuma jimla ta farko da aka ba Mima ta faɗa a shirin, wadda ta yi ta maimaitawa domin kada ta manta, tambaya ce ga wani ko shi wane ne. Daga tsakiyar fim ɗin Kon ya fara haɗa fage da fage ba tare da ya bar alama ba: za ka ga abu ya auku ka ɗauka gaske ne, sai ka ji darakta ya ce a yanke; ka ɗauka wasa ne, sai ka ga jini a tufafin da ke cikin ɗakinta; ta farka a gadonta, ta sake farkawa a gadon nan, rana ɗaya tana maimaita kanta. Wasu masu sharhi sun ɗauki wannan a matsayin wasa da hankalin mai kallo kawai. Ni kuwa ina ganin adalci ne, domin ba shi yiwuwa ka fahimci wanda ƙasa ta zame masa a ƙarƙashin ƙafa alhali kai kana tsaye a kan dutse; sai da Kon ya raba mu da yaƙininmu sa'an nan muka san abin da yarinyar ke ciki. Shi ya sa masu shirya finafinai a Amurka suka yi ta ɗiba daga wannan rijiya, har Darren Aronofsky ya kwaikwayi fagen da Mima ta nutsar da kanta a bahon wanka tana kururuwa, ya sanya shi a fim ɗinsa Requiem for a Dream na shekarar 2000, kuma mutane da yawa sun lura da kamannin da ke tsakanin Perfect Blue da fim ɗinsa Black Swan na 2010.

Kon bai tsaya nan ba. A 2001 ya fito da Millennium Actress, wanda yake tamkar ɗaya gefen tsabar kuɗin. A nan tsohuwar 'yar wasa ce, Chiyoko Fujiwara, wadda ta ɓuya daga idon jama'a shekara 30, wani mai shirya fim na tarihi da ake kira Genya Tachibana ya je ya same ta, ya mayar mata da wani mabuɗi da ta yar tun da daɗewa. Mabuɗin na wani mai zane ne da 'yan sanda ke nema saboda adawa da gwamnati, wanda ta ɓoye shi dare ɗaya tana budurwa, ta kuma shiga sana'ar fim domin ta bi sawunsa har Manchuriya. Tana ba da labari, rayuwarta da finafinanta suna narkewa cikin juna, har mai tambayar da mai ɗaukar hotonsa suka tsinci kansu a cikin fagagen. Shi ma Genya masoyi ne na tun ƙuruciya, amma ƙaunarsa ta hidima ce da rufin asiri, bai taɓa neman ya mallake ta ba. An ce rayuwar Setsuko Hara tana cikin abin da aka duba wajen ƙaga Chiyoko, wato shahararriyar 'yar wasan nan da ta fito a Tokyo Story na Yasujiro Ozu a 1953, wadda ta janye daga sana'a a farkon shekarun 1960, ta zauna a garin Kamakura tana ƙin hira da 'yan jarida, har ta rasu a 2015 tana da shekara 95. Duk sa'ad da na tuna da ita sai in tuna da Gazali da kansa, wanda a shekarar 1095 ya bar kujerar karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, lokacin da sunansa ya cika duniyar Musulmi, ya kuma yi iƙirari a littafinsa Almunƙizu minad Dalal cewa da ya binciki niyyarsa sai ya tarar neman jahi da yaɗuwar suna ne ke motsa ta. Addininsu daban, dalilansu ma ba lalle su zama ɗaya ba, amma dukansu biyu sun gane cewa akwai lokacin da mutum ba ya tsira da kansa sai ya rufe ƙofa.

Fim ɗin Kon na ƙarshe, Paprika, wanda aka nuna a bikin finafinai na Venice a ƙasar Italiya a 2006, an ɗauko shi daga littafin Yasutaka Tsutsui na 1993, shi kuwa ya faɗaɗa maganar daga mutum ɗaya zuwa al'umma. An ƙera wata 'yar na'ura mai suna DC Mini wadda likitocin ƙwaƙwalwa ke shiga mafarkin marar lafiya da ita, sai aka sace ta, mafarkan mutane suka fara zuba cikin juna, daga nan suka malalo cikin farke. Likitar da ke tsakiyar labarin, Atsuko Chiba, mace ce mai kamun kai da ɗaure fuska, amma a cikin mafarki tana da wata sura mai fara'a da rawar kai, ita ce Paprika, har aka kai inda surar ta daina bin umarnin mai ita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jerin gwanon nan da ke ratsa fim ɗin, na firji da tukwane da 'yan tsana da gumaka da kwaɗi masu kiɗa, kowa na rawa, ba wanda ya san inda aka dosa, duk wanda ya tsaya kallo kuma sai ya shige cikinsu. Malamanmu sun karantar da mu cewa mafarki kashi uku ne: akwai ru'uya ta gari, akwai zancen zuci, akwai kuma firgitarwar Shaiɗan. Jerin gwanon Kon zancen zucin mutane dubbai ne aka zuba a tukunya ɗaya, kuma wanda duk ya taɓa ɗaukar wayarsa da nufin duba saƙo ɗaya, ya ɗago kai ya ga sa'a biyu ta wuce, ya san amon wannan ganga.

Mai karatu na iya cewa, to ai duk wannan ƙage ne na masu zane. Sai dai abin da ya biyo baya a ƙasar Japan ɗin kanta ya gaskata Kon. A shekarar 2000, shekara uku bayan fitar Perfect Blue, aka kafa dokar hana bibiyar mutane a ƙasar. A farkon 2013 wata mawaƙiya ta ƙungiyar AKB48, Minami Minegishi, ta aske kanta ƙwal, ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafarar masoya, saboda wata mujalla ta buga cewa ta kwana a gidan saurayi, abin da ya saɓa wa ƙa'idar da aka ɗora wa 'yan ƙungiyar. A 2016 wani mutum da ya daɗe yana aika wa wata matashiyar mawaƙiya saƙonni ta intanet ya tare ta a Koganei, cikin yankin Tokyo, ya sossoke ta da wuƙa. Allah ya yi da sauran kwananta, kuma bayan haka aka gyara dokar domin ta haɗa da saƙonnin dandalin sada zumunta. A watan Mayu na 2020 Hana Kimura, 'yar kokawa mai shekara 22 da ta fito a shirin talabijin na Terrace House, ta rasa ranta bayan ruwan zagi da aka yi ta yi mata a intanet, har a 2022 majalisar ƙasar ta tsananta hukuncin cin mutunci ya kai ɗaurin shekara guda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in ka tone shi, za ka tarar da aƙida guda a ƙasansa, wato cewa wanda ya fito a allo ya zama dukiyar masu kallo.

Ba zan ɓoye aibin da nake gani ba. Perfect Blue yana ɗauke da tsiraici da zubar da jini, kuma akwai hujja mai ƙarfi ga wanda ya ce fim ɗin ya nuna abin da yake zargi fiye da yadda buƙata ta kama, har ya zama mai kallo yana tarayya cikin leƙen da ake la'anta. Masu kare Kon sukan ce da gangan ya yi, domin mai kallo ya ji kunyar idonsa. Na yarda haka yake nufi, amma kyakkyawar niyya ba ta wanke kowane hoto, kuma ba fim ne da zan ce a kunna a tsakar gida ba, balle a gaban yara. Wanda yake son ya san Kon ba tare da wannan ba, to, Millennium Actress ya ishe shi. Sai dai aibin kwarya ba ya hana a gane cewa nonon da ke ciki na gaske ne.

Abin da ya sa na damu da wannan magana shi ne, a 1997 sai mutum ya zama tauraro kafin a buɗe masa Ɗakin Mima, yau kuwa kowane yaro da yarinya mai waya a hannu, a Kano ko a Zinder ko a Kumasi, shi ne ke gina nasa ɗakin da kansa a TikTok da Instagram, yana tace fuskarsa, yana zaɓen abin da zai nuna, yana ƙidaya masu yabo, har surar da ya ƙera ta fi shi kyau da farin jini, ya koma yana yi mata bauta. Riya da sum'a, waɗanda da malamai ke jan kunnen masu ibada da masu ilimi a kansu, yanzu sun zama sana'ar yini. Mu masu kallo kuma ba mu kuɓuta ba. Mun sha ganin yadda ake yi wa 'yan wasanmu na Hausa, musamman mata: a ɗaukaka yarinya yau har sama, gobe ta yi aure ko aurenta ya mutu, ko ta yi kuskure irin na ɗan Adam, sai dubban mutanen da ba su taɓa gaisawa da ita ba su taso mata kamar ta ci musu bashi, kowa na yanke hukunci, ba mai tuna cewa haramcin giba da bin diddigin aibin mutane bai faɗi ba don wanda ake magana a kansa sananne ne. Nasiha tana da ƙofarta da ladubbanta. Abin da akasari ake yi a ƙarƙashin hotunan nan kuwa hannun mai gadin nan ne da aka ɗaga, ana son a ga mutum tsaye a tafi.

A ganina, Mima ba ta warke ba sai a daidai lokacin da motar nan ta taho. Matar da ta yi yunƙurin kashe ta tana tsaye a tsakiyar titi, ba mai kallo, ba mai ɗaukar hoto, ba wanda zai tafa, sai ta yi tsalle ta ture ta daga gaban motar, su duka biyu suka ji rauni. Wannan shi ne aiki na farko a cikin fim ɗin duka da ta yi ba domin wani ido ba, kuma daga bayansa ne muka gan ta tana ziyartar Rumi a asibitin masu taɓin hankali, ta fito ta dubi madubin motarta ba tare da tsoro ba. Malamai suna kiran irin wannan aiki ikhlasi, suna kuma cewa shi ne maganin riya.

Satoshi Kon ya rasu ranar 24 ga Agusta, 2010, yana da shekara 46, bayan ciwon daji ya kama shi a cikin 'yan watanni. Ya bar cikakkun finafinai huɗu, da shirin talabijin guda mai suna Paranoia Agent, da wani fim da bai ƙarasa ba. Bai yayata ciwonsa ba. Mafi yawan masu ƙaunar aikinsa ba su san yana jinya ba sai da aka sanar da mutuwarsa, aka kuma buga wasiƙar ban kwana da ya bari, wadda a cikinta ya yi godiya ga matarsa da iyayensa da abokan aikinsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana nazarin abin da idon jama'a ke yi wa ɗan Adam ya zaɓi ya yi kwanakinsa na ƙarshe a gidansa, tsakanin waɗanda suka san shi tun kafin duniya ta san sunansa.